Yadda Ake Auna Wa Kyanwa Abincinta Na Yini A Gidan Karkara

A yawancin gidajen ƙauyukanmu, daga Wudil har Ringim, tsarin ciyar da kyanwa kusan ɗaya ne. In an gama cin tuwon dare sai a kankare ƙanzo a zuba mata da ragowar miya a murfin kwano, sauran kuma a bar ta da ɓerayen rumbu. In ta rame a ce jikinta ne haka. In ta haihu 'ya'yan suka bi juna suna mutuwa a ce ba rabo. Alhali da yawa daga cikin wannan rama da mace-mace daga kwanon suke tasowa. Ciki ya cika da tuwo, jiki kuwa bai samu abin da yake nema ba. Shi ya sa ba a iya faɗin yawan abin da za a ba kyanwa sai an fara sanin mene ne za a ba ta, domin giram 100 na dafaffen kifi da giram 100 na tuwon masara a kan sikeli kaɗai suke daidai.

Kyanwa maciyiyar nama ce tun daga halittarta. Duba bakinta in tana hamma, ba za ka ga faffaɗan haƙoran niƙa irin na akuya ba, fiƙoƙi ne da haƙoran yanka, hanjinta kuma gajere ne. Akwai wani sinadari da ake kira tawurin wanda jikinta ba ya iya haɗa isasshensa da kansa, sai ta same shi a nama, musamman zuciya da ƙundu da kifi. Babu shi a gero, babu shi a dawa, babu shi a wake ko awara. In ya yi ƙaranci na tsawon watanni, ganinta ne zai fara dushewa har ta makance, zuciyarta kuma ta saki ta kasa tura jini. A shekarar 1987 ne likitocin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka suka tabbatar da alaƙar rashinsa da ciwon zuciyar kyanwoyi, kuma daga nan kamfanonin abincin kyanwa suka ƙara yawansa a abin da suke sayarwa. Mai kyanwa a ƙauye ba shi da kamfani, teburin mahauci da kwandon mai kifi su ne madogararsa.

Fara da auna kyanwar kanta

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan kyanwa ido yana yawan kuskure, saboda gashi yana ɓoye rama kamar yadda yake ɓoye ƙiba. Nemi sikelin ratayawa irin na masu sayar da kaji ko abincin kaji. Saka kyanwar a jaka mai shan iska ko kwando mai murfi, ka rataya, ka karanta, sannan ka auna jakar ita kaɗai ka cire nauyinta. In sikelin takawa ne ake da shi, ka hau da ita a hannu, ka sauke ta ka sake hawa, bambancin shi ne nauyinta. A yi awon da safe kafin ta ci, kuma a rubuta a bango ko a takarda tare da ranar. Babbar kyanwar gida yawanci tana tsakanin kilo 2 da rabi zuwa 4, muzuru kan kai 4 zuwa 5.

Nauyi shi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da taɓawa. Shimfiɗa hannunka ɗaya a miƙe, ka shafa bayansa da yatsun ɗayan. Kana jin ƙasusuwan a ƙarƙashin fata, amma ba su fito tsirara ba. Haka haƙarƙarin lafiyayyar kyanwa yake. Yanzu dunƙule hannun ka shafa kan gaɓoɓin: in haka haƙarƙarinta yake, tudu da kwari, ta rame. Juya hannun ka shafa tafin daga gindin yatsu: in sai ka danna kafin ka ji ƙashi, ta yi ƙiba. Daga nan ka tsaya a kanta ka dube ta ta sama lokacin da take tsaye. Ya kamata a ga ɗan shiga a bayan haƙarƙari kafin ƙugu. Fatar nan da ke reto a ƙasan cikinta kusa da ƙafafun baya ba ƙiba ba ce, halitta ce, har siririyar kyanwa tana da ita.

In ta rame, lissafin abincinta da nauyin da ya kamata ta kai ake yinsa. In ta yi ƙiba ma haka.

Lissafin abin da jikinta yake buƙata

Ƙarfin da abinci ke ba jiki da kalori ake auna shi. Babbar kyanwa mai lafiya da ke yawo a gida da waje, in kilo 2 da rabi ce tana buƙatar kusan kalori 185 a yini, mai kilo 3 kusan 200, mai kilo 4 kusan 250, mai kilo 5 kusan 290. Lura cewa buƙatar ba ta ninkawa daidai da nauyi, ƙaramar kyanwa ta fi babba ci in aka kwatanta da jikinta. Muzurun da aka dandaƙe, ko macen da likita ya cire wa mahaifa, a rage musu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan, domin bayan aikin sha'awar cinsu tana ƙaruwa yayin da yawonsu ke raguwa.

Yanzu a mayar da kalori zuwa abin da ake gani a kwano. Abincin gida da aka haɗa da dafaffen nama da kifi da ɗan hatsi kaɗan yana ɗauke da kusan kalori 150 a kowane giram 100. Ke nan mai kilo 2 da rabi za ta ci kamar giram 120 a yini, mai kilo 3 giram 130 zuwa 140, mai kilo 4 giram 165, mai kilo 5 giram 190.

Wanda yake sayo busasshen abincin kyanwa na kanti daga Kano, mai kama da ƙananan ƙwayoyi, lissafinsa daban ne, kuma nan ne mutane suka fi yin ɓarna. Shi ruwan da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, giram 100 ɗinsa na ɗauke da kalori 350 zuwa 400. Mai kilo 3 giram 55 ya ishe ta yini guda, mai kilo 4 giram 65, mai kilo 5 giram 75 zuwa 80. In ka zuba shi a faranti sai ka ga kamar ka yi mata rowa, amma ya isa. Mai ruwa-ruwa na cikin 'yar leda kuwa, wanda yawanci giram 85 ne, kowace leda kalori 70 zuwa 80 ce, don haka mai kilo 3 sai ta ci biyu da rabi zuwa uku. In ana haɗa iri biyu, duk leda ɗaya da aka ba ta a cire giram 20 daga busasshen. A karanta jikin buhun, a tabbatar na kyanwa ne. Abincin kare ba ya maye gurbinsa saboda tawurin ɗinsa bai kai ba, balle abincin kifi ko na kaji.

Abin da ya kamata ya shiga kwanon

A ɗauki misalin kyanwa mai kilo 3 da ake dafa mata a gida. Giram 100 na abincinta ya zama nama ko kifi, kuma a cikin ɗarin nan giram 20 zuwa 30 su zama zuciya ko ƙundun kaza. A sa hanta ɗan yanki da bai wuce kan ɗan yatsa ba, giram 5 zuwa 7. A cike da giram 20 na dafaffiyar shinkafa ko tuwon da ba miya ko dafaffiyar kabewa, cokali ɗaya babba ke nan. Hatsin ba dole ba ne, amfaninsa ya ɗan miƙa abincin ya kuma taimaka wa bayan gida. Kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na kwanon.

Ba kowane nama ke da ƙarfi ɗaya ba. Ranar kasuwa, a Wudil ran Juma'a, Maigatari ran Alhamis, Gujungu ko Dambatta ran Lahadi, abin da ya fi araha a wurin mahauta shi ne huhu da tumbi da hanji. Suna da amfani, sai dai ƙarfinsu bai kai na tsoka ba, don haka in da su za a ciyar a ƙara rabin awo a kan awon, wato inda za a sa giram 100 na tsoka a sa 150. Zuciya da ƙoda da saifa sun fi su. Kada a gyare kitse duka, ɗan kitsen da ke jikin nama kyanwa tana bukatarsa. Dafaffen ƙwai ɗaya kalori 70 da ɗoriya ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin yinin mai kilo 3, kuma sau biyu ko uku a mako ya yi. A dafa shi, domin ɗanyen farin ƙwai yana hana jiki shan wani bitamin da fata da gashi ke buƙata.

Hanta tana da nata haɗarin. Kyanwa tana son ta har ta iya ƙin komai saboda ita, mai gida kuma ya ga tana murna sai ya ci gaba. Bitamin A da ke cikin hanta yana taruwa a jiki, in ya yi yawa na tsawon watanni sai ƙashin wuya da na baya su fara tsiro su manne, kyanwa ta kasa juya kai ta lashi jikinta. Wannan ba ya komawa yadda yake. Kaɗan kullum, ko yanki kamar kwalin ashana sau ɗaya a mako, shi ne iyaka.

Wajen Haɗeja da garuruwan da ke kusa da madatsun Tiga da Challawa kifi ne ya fi sauƙin samu. Ƙarfasa da tarwaɗa duk suna yi. A dafa su a cire ƙaya da hannu, a kula sosai da ƙurungu saboda ƙayoyinsa masu tauri da ke iya maƙalewa a maƙogwaro. Ɗanyen kifi kullum ba shi da kyau, domin wasu kifayen suna da sinadarin da ke lalata bitamin B1, kuma zafi ne ke kashe shi. Kyanwar da ta rasa wannan bitamin za ka ga tana tangaɗi, kanta ya lanƙwashe ƙasa zuwa ƙirji, wani lokaci har da farfaɗiya. Kifi kaɗai ba canji ma ba ya yi, musamman mai maiƙo irin na kwali. Kwana uku ko huɗu a mako kifi, sauran nama.

Inda ba firiji, busasshen kifi da banda su ne rufin asiri. Da yake ruwansu ya fita, giram 30 na busasshe yana tsayawa a madadin kusan giram 90 na ɗanye. A jiƙa shi a ruwan zafi, a zubar da ruwan farko, a sake dafawa. A sansana kafin a saya, domin wasu 'yan kasuwa suna fesa maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa, kuma abin da mutum mai kilo 60 zai ci bai ji komai ba yana iya kwantar da dabba mai kilo 3. Mai gishiri da yawa a bar shi.

Wajen dahuwa, ruwa zalla, ba gishiri, ba dunƙulen miya, ba albasa. A dafa da ruwa kaɗan kuma a zuba mata romon tare da naman, saboda tawurin yana fita ya shiga ruwan dahuwa. Wanda ya tsame nama ya zubar da romo ya zubar da rabin abin da ya saya.

Saura abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa. In kyanwa ta kama ɓera tana cinye shi da ƙashinsa, daga nan take samun kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Tsokar mahauci ba ta da shi sai kaɗan. Kyanwar da ake ba tsoka zalla, jikinta zai riƙa zaro kalsiyam daga ƙasusuwanta, kuma a 'ya'ya abin ya fi muni: ƙafafu su lanƙwashe, ɗan tsalle daga kan turmi ya jawo karaya. Maganinsa yana cikin shara. A wanke ɓawon ƙwai, a tafasa, a shanya ya bushe ƙayau, a daka ya yi laushi kamar gari, a tankaɗe. Rabin cokalin shayi yana isar rabin kilo na nama, wato abincin yini ɗaya ɗan tsunkule ne tsakanin yatsu biyu. Ranar da aka ba ta ƙananan busassun kifi da aka daka da ƙashinsu, ba sai an sa ba. Dafaffen ƙashin kaza kuwa kada a ba ta, yana tsagewa ya yi tsini.

Kyanwar da ba ta fita ko kaɗan, ba ta farauta, gara a ce rabin abincinta na kanti ne in da hali, domin farauta ce ke toshe ƙananan giɓin da girkin gida ke bari.

Yi ma'auni sau ɗaya

Ba wanda zai riƙa neman sikeli kullum. A samu gwangwanin madara a wanke, a goge bakinsa kada ya yanki hannu. A je wurin mai ƙaramin sikeli a auna abincin yini ɗaya, a zuba a gwangwanin, a ja layi da ƙusa a inda ya tsaya. Yawanci gwangwanin madara yana cin giram 90 zuwa 100 na dafaffen nama da aka yayyanka, ko kusan giram 70 na busasshen abincin kanti, amma naka awon ya fi wannan tabbas. Kowace safiya a ware na yinin gaba ɗaya, kuma mutum ɗaya ya ɗauki nauyin bayarwa. A gidan da yake da mata biyu da yara, kowa yana iya jefa mata wani abu yana zaton ba ta ci ba, ko kuma kowa ya zaci ɗayan ya ba ta, ta kwana da yunwa.

Babbar kyanwa sau biyu a yini shi ne mafi ƙaranci, bayan asuba da bayan magariba, lokutan da ita ma take tashi neman abinci. Sau uku ya fi in za a iya, saboda cikinta ƙarami ne, an halicce ta tana cin kaɗan-kaɗan sau da yawa. Da azumi sai a daidaita da sahur da buɗa-baki, a ƙara mata ɗan wani abu da rana. A zuba a faranti mai faɗi marar zurfi don kada gashin bakinta ya riƙa gugar gefe, a ɗora a kan benci ko kifaffen turmi inda kaji da agwagi ba za su kai ba. In kyanwoyin sun fi ɗaya, kowacce da farantinta da tazara, in ba haka ba muzuru zai cinye nasa ya ture ƙaramar. Abincin da yake da danshi kada ya wuce rabin awa a ajiye da bazara. Abin da ta bari a ɗauke, a wanke farantin, tun kafin ƙudaje da kiyashi su same shi.

Ɓerayen da take kamawa

Akwai masu cewa in ka ƙosar da kyanwa ba za ta kama ɓera ba. Wannan magana ta jawo wa kyanwoyi wahala mai yawa. Farauta ɗabi'arta ce da ba ta jiran yunwa, ƙosasshiya ma da ta ga motsi za ta yi kwanciyar nan tata ta ɗaukar rai. Mai jin yunwa ita ce ke barin gida ta tafi yawon bola, ko ta faɗa wa 'yan tsaki da tattabarun maƙwabta a zo ana rigima. Kuma ko ba don haka ba, kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba.

Ƙaramin ɓeran ɗaki kalori 30 ne ko kusa da haka. Kyanwar da za ta rayu da shi kaɗai sai ta kama bakwai ko takwas kowace rana, abin da ba kowane gida ke da shi ba, kuma jaba in ta kashe ba ta ci. Don haka duk ɓera ɗaya daidai yake da giram 20 na abincin gida. Da kaka, lokacin da dami ke shigowa ɓeraye suna bin sa, ko farkon damina da shinge da fara suka yi yawa, za ka ga tana barin abinci a faranti. A rage kaɗan, amma kada ragin ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Da sanyin Disamba da Janairu cinta yana ƙaruwa, da zafin Afrilu yana raguwa, sai a matsar da babban rabon zuwa dare.

Mai ciki, mai shayarwa da 'ya'ya

Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne. Tun daga makonnin farko take fara tara kitsen da za ta shayar da shi, don haka a riƙa ƙarawa a hankali kowane mako har ya zama a ƙarshe an ƙara mata kusan rabin abin da ta saba, mai giram 130 ta kai 190. A raba shi sau huɗu, domin 'ya'yan sun matse mata ciki.

Shayarwa ta fi ciki cin jiki nesa ba kusa ba. Uwa mai 'ya'ya huɗu tana buƙatar ninki biyu zuwa uku na abincinta, giram 260 zuwa 400 a yini. A nan a ajiye gwangwanin awo, a ba ta duk abin da za ta iya ci, sau huɗu ko biyar, da ruwa kusa da inda ta ɓoye su. Uwar da aka bari da ƙanzo nononta ne ke ƙafewa a mako na biyu ko na uku, 'ya'yan su yi ta kuka, su yi sanyi, su mutu.

Ana haifar ɗan kyanwa da nauyin kusan giram 100, kuma lafiyayye yana ƙara kusan giram 100 duk mako. Daga mako na huɗu a fara ba su dafaffen kifi ko nama da aka dama da ruwan ɗumi ya yi kamar kunu mai kauri. Yaye yana kammala a mako na bakwai ko na takwas, kada a raba su da uwa kafin nan. Ɗan wata biyu mai kusan kilo 1 yana cin giram 110 zuwa 120 a yini, a raba huɗu. Ɗan wata huɗu mai kusan kilo 2 yana cin giram 160 zuwa 190, a raba uku. Ka ga ya fi uwarsa ci ke nan, kuma ba haɗama ba ce, ƙashi da tsoka yake ginawa. Daga wata shida a fara saukowa a hankali, zuwa shekara ɗaya ya koma awon manya. Garin ɓawon ƙwai ko dakakken ƙaramin kifi ba a tsallake shi ko rana ɗaya a wannan lokaci.

In uwa ta mutu ta bar jarirai, a fara ɗumama su kafin a ba su komai, domin jaririn da jikinsa ya yi sanyi ba ya narkar da abinci. Madarar jariran kyanwa ta kanti ita ce daidai. Kafin a same ta, tafasasshen nonon akuya da aka kaɗa ɗan gwaiduwar ƙwai a ciki yana riƙe rai. A ba shi da sirinji marar allura, kusan mililita 2 duk awa biyu zuwa uku a makon farko, jaririn yana kwance a kan cikinsa. In aka kwantar da shi rigingine madarar tana shiga huhu. Bayan ya sha a shafa masa mara da tsumma mai ɗumi ya yi fitsari da kashi, aikin da harshen uwa ke yi.

Tsohuwar kyanwa da ta wuce shekara 11 ko 12 kada a rage mata don ta tsufa. Hanjinta ba ya tsotse abinci kamar da, sai dai a yayyanka ƙanana a ɗan ɗumama don ƙamshi ya tashi.

Ruwa da madara

Kowane kilo na jikinta yana buƙatar kusan mililita 50 na ruwa a yini, har da wanda ke cikin abinci. Mai kilo 4 ke nan mililita 200, ɗan ƙasa da rabin ledar fiya-wata. Mai cin busasshen abincin kanti dole ta sha kusan dukkansa, mai cin nama da romo kaɗan za ka ga tana sha. A ajiye ruwan a ƙaramin kasko a inuwa, nesa kaɗan da farantin abinci, a sauya safe da yamma. Madarar shanu ba ruwa ba ce kuma ba abinci ba ce a wurinta. Yawancin manyan kyanwoyi ba sa iya narkar da sukarin da ke cikinta, sai zawo. Cokali ɗaya na kindirmo jefi-jefi ya fi sauƙi a cikinta.

Inda abu ke lalacewa

Ragowar miya ita ce babbar matsala a gidajenmu. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna fasa ƙwayoyin jinin kyanwa, kuma kaɗan-kaɗan kullum yana taruwa. Ɗaga leɓenta ka duba dasashi: ya kamata ya zama ja-ja mai haske, in ya yi fari fat jini ya yi ƙasa. Tsire da kilishi da dambun nama duk suna da yaji da gishiri da albasa. Goro da shayi da cakulan ma ba nata ba ne. Da Babbar Sallah a yanko mata nata kafin a sa gishiri, a dafa ko a shanya, kuma a tsaya a kan awonta, domin tulin kitse da soyayyen nama a rana ɗaya amai da zawo yake kawowa.

Kazar da ta mutu da kanta kada a jefa mata. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006 kuma tana dawowa lokaci-lokaci, kyanwa tana kamuwa in ta ci ɗanyen naman kazar da ta kamu. Ranar da aka sa maganin ɓera a gida ko a maƙwabta, a tsare ta a ɗaki a ƙosar da ita har a kwashe matattun a binne. Fiya-fiya ba ya zuwa kusa da farantinta. Farasitamol kuwa ko ɓari ɗaya yana iya kashe ta, kada a gwada ko da zazzaɓi take.

In tana cinye awonta tas amma ba ta ƙiba, ciki ya kumbura, gashi ya yi yamutsai, ko ana ganin wasu farare kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiyarta, tsutsar ciki ce ke raba abincin da ita, kuma daga ɓera da ƙuma take samu. Mai farauta tana buƙatar maganin tsutsa aƙalla duk wata uku, wanda malamin dabbobi zai auna da nauyinta. Kada a ɗebo na awaki a yi mata kintace.

Duk mako biyu a sake rataya ta a sikeli a shafa haƙarƙarin. In tana sauka a ƙara kashi ɗaya cikin goma na abincin, in tana hawa fiye da kima a rage haka, sannan a jira wasu mako biyun kafin a sake taɓawa. Sabon abinci ma a hankali ake shigo da shi cikin mako guda: kwana biyu rubu'i, kwana biyu rabi, kwana biyu kashi uku cikin huɗu, ran na bakwai duka. Mai ƙiba ba a rage mata da yunwa. Mai kilo 5 kada ta sauke fiye da giram 50 zuwa 100 a mako, domin in kyanwa ta daina ci, kitsen jikinta yana kwarara zuwa hanta ya toshe ta, idanu da cikin kunne su yi rawaya. Saboda haka babbar kyanwar da ta yi kwana biyu ba ta ci ba, ko ɗan kyanwar da ya yi yini guda, ko wadda take ta shan ruwa da yawan fitsari tana ramewa duk da tana ci, a sa ta a kwando a kai ta asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma, a tafi da takardar da aka rubuta nauyinta da abin da take ci.